Tambarin takubba biyu bai isa shaidar Meissen ba

Masu sayen tsuntsayen ado na tangaran kan juya gindin kaya, da sun ga takubba biyu shuɗɗa a gicciye sai su ce na Meissen ne, su biya kuɗi mai tsoka. Gaskiya ne masana'antar Meissen ta Jamus, wadda aka kafa a 1710, ta fara sa wannan tambari tun wajen 1722. Amma kusan babu tambarin da aka kwaikwaya kamarsa. Kamfanin Samson na Paris ma ya yi ta ƙera irin kayanta a ƙarni na 19.

Tambari na ainihi da hannu ake zana shi kafin a shafa ƙyalli a gasa, don haka yana ƙarƙashin ƙyallin. In farce ya ji tudunsa a sama, a yi hattara. In kuma an karce layi a kan takubban, galibi masana'antar da kanta ce ta nuna kayan na daraja ta biyu ne.

Aikin hannun shi ne babbar shaida. Tsuntsayen da Kändler, gwanin tsara siffofi na Meissen, ya fara tsarawa a 1731 gashinsu fitacce ne ɗaya bayan ɗaya, ido da ƙafafu tsaf. Na kwaikwayo gashin kan dusashe, ya cukurkuɗe.

Sai a duba gyara a baki, wutsiya da bakin fukafukai, inda suka fi karyewa. Fitilar UV, wato mai hasken ultraviolet, a ɗaki mai duhu kan nuna manne da sabon fenti da wani launi daban, kuma gyara, ko ɗan ƙanƙani, yana iya rage farashi.