Ginin da zai san lokacin juya wuta

Malam marubuci, labarin nan ya yi armashi, musamman inda ka ce nan gaba gine-gine za su riƙa kashe fitilu da na'urar sanyaya ɗaki da kansu idan ba kowa a ciki. Sai dai buƙatarmu a Najeriya ta sha bamban da ta Turai. Gini ɗaya a nan yana da wutar NEPA, ga janareta, ga sola da batura. Na'urar da za ta amfane mu ita ce wadda za ta san lokacin juyawa daga wannan zuwa wancan, ta tayar da famfon burtsatse da tsakar rana sa'ad da sola ke da ƙarfi, ta adana batura domin dare.

Tun da NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, ta kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda ake ba wuta mafi yawan sa'o'i a rana, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, otal-otal da asibitoci suka shiga lissafi. Amma leƙa wasu ofisoshi bayan la'asar, esi na ta huci, kujeru wayam! To in an kafa na'urorin suka lalace, wa zai gyara? Masu gyaran wutarmu ai sai an horar da su tukuna.