Kowane birni da irin ɓarawonsa

Masu shirin zuwa Johannesburg don aiki ko kasuwanci tambaya ɗaya suka fi yi mini: garin da haɗari kuwa? Amsar ba ta da wuya. Da haɗari. Alƙaluman 'yan sandan Afirka ta Kudu na shekarar 2022 zuwa 2023 sun nuna an kashe mutum sama da 27,000 a ƙasar cikin wata goma sha biyu, kusan mutum 75 ke nan kowace rana. Masu gadi na kamfanoni masu zaman kansu sun haura rabin miliyan, sun fi 'yan sanda yawa nesa ba kusa ba. Ina zaune a garin, ba zan yi wa kowa kwaskwarimar wannan magana ba.

Sai dai na lura amsar ba ta tsinana wa matafiyi komai. Wani in ya ji ta sai ya ƙule a ɗakin otal, ya gama kwanakinsa bai ga rabin mutanen da ya zo gani ba. Wani kuma ya ce ai ajali ko a gado yana iske mutum, ya fito da waya a hannu yana yawo inda 'yan garin ma ba sa taka ƙafa. Dukansu biyu ba su tambayi abin da ya kamata ba, wato a ina ake ɓarnar, da wane lokaci, kuma ta wace hanya. Tawakkali gaskiya ne, amma wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da raƙumarsa, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Masu nazarin aikata laifuka sun daɗe da gano cewa laifi taruwa yake yi a wurare kaɗan. A wani bincike da aka buga a 1989 kan birnin Minneapolis na Amurka, an ga rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda daga kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin yake fitowa. Haka abin yake a nan. Yawancin kisan da ke cikin waccan ƙididdiga a unguwannin da talauci ya yi katutu yake faruwa, da dare, a ƙarshen mako, sau da yawa daga gardama tsakanin mutanen da suka san juna. Baƙon da ya zo taro na kwana uku ba nan ne hanyarsa ba. Shi abin da ake nema a wurinsa waya ce, da kwamfuta, da agogo, da kuɗin ƙasar waje, kuma ana samunsa ne a tsakanin ƙofa da ƙofa: daga filin jirgi zuwa masauki, daga mota zuwa ofis, daga na'urar cirar kuɗi zuwa inda zai je. In ya tsara waɗannan 'yan mintoci, ya rage mafi yawan haɗarinsa.

A Johannesburg, hanyar fita daga filin jirgin OR Tambo ita ce wurin da na fi jan kunnen baƙi a kai. Akwai gungun 'yan fashi da sana'arsu ke nan: su sa ido tun a zauren masu isowa, su ga wanda ya tsaya wurin 'yan canji ko ya fito da manyan akwatuna, su bi motarsa a baya, sai ta tsaya a ƙofar masauki ana jiran a buɗe get su afka. Shi ya sa nake cewa kada baƙo ya canza kuɗi mai yawa a filin jirgi, kada kuma ya bi wanda ya tare shi yana cewa "tasi, tasi". Sunan direban da zai ɗauke ka, da lambar motarsa, da lambar wayarsa, su kasance a hannunka tun kafin jirginka ya tashi. In ka fito, kai za ka kira shi, kuma shi zai faɗi sunanka kafin ka faɗa masa. Wanda kayansa ba su da yawa kuma unguwar kasuwanci ta Sandton ya nufa, jirgin ƙasa na Gautrain da aka buɗe a 2010 yana kai mutum daga cikin filin jirgin zuwa can cikin kusan minti 15.

A nan rayuwa a cikin mota ake yinta, kuma mazauna garin suna da ɗabi'un da suka zame musu jiki. Ka shiga motar ɗan gari ka kalle shi. Kafin ya tayar ya kulle ƙofofi, jakar kwamfuta tana but, babu komai a kan kujera. In ya tsaya a danja yana barin tazara tsakaninsa da motar gaba yadda zai iya zamewa, idonsa na kan madubi. Dalili kuwa, fasa gilashi a fizge jaka ba ya ɗaukar daƙiƙa biyar. In an ɗauke wuta fitilun danja sun mutu, motoci sun yi cirko-cirko a mararraba cikin duhu, abin ya fi sauƙi. Akwai kuma masu shigar burtu da fitilar 'yan sanda mai shuɗi su tsayar da mota. Ɗan gari ya san yadda zai yi da su, baƙo bai sani ba. Don haka ra'ayina, baƙon da ya zo kwana kaɗan bai da dalilin yin hayar mota ya tuƙa kansa da dare.

Kada kuma mutum ya miƙa wuyansa gaba ɗaya ga taswirar waya. Manhaja gajeriyar hanya ta sani, ba ta san halin unguwa ba. A watan Agustan 2023, lokacin yajin aikin direbobin motocin haya a Cape Town, an harbe wani likita ɗan Birtaniya da ya zo hutu da iyalinsa bayan ya kauce hanya ya faɗa unguwar Nyanga kusa da filin jirgi. Daga baya kamfanin Google ya daina bi da masu tuƙi ta wannan yanki. Matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya kamata a tambaya shi ne mai karɓar baƙi a otal ko abokin hulɗar da ya gayyato ka.

Da aiki ya fara kai ni Sao Paulo a Brazil, sai na tarar da wani lissafin daban. A can mutane suna tafiya a ƙasa, suna cika jirgin ƙarƙashin ƙasa, titin Paulista cike yake da ma'aikata har dare, kuma yawan kisa a birnin bai kama ƙafar na Johannesburg ba. Mutumin da ya saba da Johannesburg zai saki jiki, ya ce ai wannan gari lafiya lau. A nan ne ake cin sa. Ɓarawon Sao Paulo a kan keke ko babur yake, kuma lokacin da yake jira shi ne sa'ad da ka tsaya a bakin titi kana latsa waya. Buɗaɗɗiyar waya yake so, domin a cikinta bankinka yake. Tun da babban bankin ƙasar ya fito da tsarin tura kuɗi nan take mai suna Pix a Nuwamban 2020, sace mutum na 'yan awanni a tilasta masa ya kwashe asusunsa ya ƙaru, har a 2021 bankin ya ƙayyade abin da mutum zai iya turawa daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe a kan kuɗin ƙasar real 1,000. Abokan aikina na can, in za su duba saƙo sai sun shiga cikin wani kanti ko sun juya wa titi baya sun jingina da bango. Da yawansu waya biyu gare su: ta fita, wadda ba ta da manhajar babban asusu, da ta gida.

Wannan ɗabi'a tasu ita ce na fi ganin ta cancanci a ara a kai ko'ina, domin ƙwacen waya ya daina zama matsalar ƙasashe matalauta. A Landan kaɗai an sace wayoyi kusan 80,000 a 2024. Kafin tafiya, mutum ya rage iyakar abin da asusunsa zai iya fitarwa a rana, ya cire manhajojin bankin da ba zai buƙata ba, ya sa wa layinsa lambar sirri, ya hana saƙonni bayyana a fuskar waya in tana kulle. Wayoyin iPhone da Android duk sun ƙara kariya daga sata a 2024, ta Android ma a Brazil aka fara gwada ta, amma wasu sai mai waya ya shiga ya kunna da kansa. Aikin minti goma ne da yawancin mutane ba sa yi sai bayan an yi musu.

Bogota a Kolombiya kuwa, haɗarinta da fara'a yake zuwa. Tasin da ka tsayar a titi na iya tsayawa a wani lungu mutum biyu su shigo, a zagaya da kai daga wannan na'urar cirar kuɗi zuwa waccan har katinka ya ƙi bayarwa. A 2013 an kashe wani jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka a irin wannan fashi, mutumin da aka horar da shi kan kare kai. Akwai kuma wani sinadari, scopolamine, da ake zubawa a abin sha, mutum ya fita hayyacinsa ya miƙa komai, ya farka bai tuna abin da ya faru ba. A Janairun 2024 ofishin jakadancin Amurka ya fitar da gargaɗi kan manhajojin neman abokan soyayya, bayan mutuwar Amurkawa takwas a Medellin, wani babban birnin ƙasar, cikin wata biyu a yanayi mai ɗaure kai. Wani zai ce shi ba ya shiga mashaya, ba ruwansa. Ai ba sai giya ba, ko a kofi ko a ruwan lemo ana zubawa. Baƙo kuma kaɗaici na damunsa, duk wanda ya sakar masa fuska a garin da bai san kowa ba yana shiga ransa da wuri. A can ma akwai masu zuwa da katin shaida na bogi su ce su 'yan sanda ne, a ba su kuɗi su duba ko na jabu ne.

Ka ga dabarar da ta tsare ka a wani birni ba lalle ta yi aiki a wani ba. Abin da na ga ya haɗa duk garuruwan shi ne labari. Sau da yawa wanda aka tare ɗauke da kuɗi mai nauyi, an san yana ɗauke da su. Ɗan kasuwa ya ɗora hoton tikitinsa a WhatsApp, ya sanar da otal ɗinsa a Facebook, ya zauna a bayan mota yana faɗin adadin cinikin da ƙarfi a waya direba na ji, sannan a yi mamakin yadda aka gano shi. Hoton ya jira sai an dawo. Kuɗin ciniki su bi ta banki ko da cajin ya yi zafi. Wanda kuma zai fara haɗuwa da sabon abokin ciniki, su haɗu da rana a zauren otal ko a ofishin da aka tabbatar da shi, kuma in aka canza wurin a ƙurarren lokaci, ya ɗaga ganawar kawai, ba sai ya ba da dogon uzuri ba.

Akwai maganar da ta fi kowacce yi mini nauyi, domin na san halin zuciyar namiji. In aka nuna maka bindiga ko wuƙa, ka bayar. Kada ka yi gardama, kada ka bi su da gudu, kada ka tsare su da ido. Hannuwanka su kasance a inda ake ganinsu, in za ka kwance bel ɗin mota ka faɗa kafin ka kai hannu, don kada a ɗauka makami za ka zaro. Yaron da ke riƙe da bindigar sau da yawa ya fi ka tsorata, wataƙila kuma ya sha wani abu, kuma tsoronsa ne ke danna kunama. Ka riƙe 'yan kuɗi a aljihun da za ka iya miƙawa nan take, sauran da katin banki na biyu da fasfo suna akwatin ajiya na otal. In da rai da rabo. Iyalinka kai suke jira, ba kwamfutar ofis ba.

(A gefe guda, tsoron ɓarawo kan sa a manta da hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin mota na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara. Ka ɗaura bel ko a kujerar baya kake, kuma direban da ke gudun wuce sa'a ka ce masa ya rage.)

Kamfanonin da ke tura ma'aikata su ma suna da alhaki a wuyansu, kuma ina ganin da yawa ba sa sauke shi. A sayi tikiti mafi araha wanda zai sauke mutum ƙarfe ɗayan dare, a kama masa otal mai nisa da wurin taro don a rage kuɗi, ba inshora, ba wanda zai tarye shi, sannan a ce ya kula da kansa. Tun 2021 akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa, ISO 31030, da ta yi bayanin yadda ma'aikata za ta auna haɗarin tafiya ta kuma shirya masa. Ma'aikaci yana da haƙƙin ya nemi jirgin da zai sauka da rana, da masauki a unguwar da zai yi aikin, da lambar wanda zai kira in wani abu ya faru. Neman wannan ba ragwanci ba ne.

Mai cin gashin kansa kuwa, wanda ba kamfanin da ke bayansa, shi zai yi wa kansa duk wannan. Ya karanta shawarwarin tafiya da ma'aikatun harkokin wajen Birtaniya da Amurka ke wallafawa kyauta a intanet, don suna ambaton unguwanni da irin dabarun da ake yi. Ya bar wa mutum ɗaya amintacce jadawalinsa, su yi alkawarin lokacin da za su riƙa jin juna kullum. Sannan ya ɗauki biro ya rubuta a takarda, ba a waya ba: adireshin otal, lambar mai masaukinsa, lambar bankin da zai kira a rufe kati, lambar ofishin jakadancin ƙasarsa, lambar jikin wayarsa da ake gani in an danna *#06#, da lambar 'yan sandan inda za shi, 10111 a Afirka ta Kudu, 190 a Brazil, 123 a Kolombiya. Takardar ta zauna tare da kwafin fasfo a wani aljihun daban da na wayar.