Farisa da Girka: mun haddace yaƙin, mun manta da ma'aji

In aka ambaci tsohuwar Farisa da Girka, yaƙi ne yake fara zuwa a rai. Maraton a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Salamis a 480, Filatiya a 479. Labarin kullum ɗaya ne: 'yan tsirarun mutane masu 'yanci sun fatattaki rundunar wani azzalumin sarki, daga nan wayewar duniya ta samo tushe. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To, ita Farisa a bakin abokin gabarta muka ji tata.

Hirodotus, wanda kusan duk labarin ya fito daga hannunsa, Bagirke ne, kodayake an haife shi a Halikarnasus, garin da ke ƙarƙashin Farisa a lokacin. Ya ce sojan ƙasa na Zaksis, sarkin Farisa da ya kai wa Girka hari, sun kai 1,700,000. A yi lissafi. In kowane soja zai ci lita ɗaya ta gari a yini, ana bukatar kusan tan 1,000 kullum, ban da harawar dawaki, ban da ruwan sha. Babu ayarin jakuna da raƙuma da zai ɗauki wannan a duwatsun Girka. An kambama adadin ne don nasarar ta ƙara armashi.

Ra'ayina shi ne, wanda ke neman sawun waɗannan al'ummu biyu a kan wayewar farko, ya bar filin daga ya shiga ɗakin magatakarda.

A 1933 masu tono suka ci karo da dubban allunan yumɓu a cikin ganuwar Farsafolis, fadar da Sarki Dariyus ya gina a kudancin Iran ta yau. An rubuta su tsakanin 509 da 493 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yawancinsu da harshen Elam. Ba kirarin sarki ba ne a ciki. Rasit ne: wane ya karɓi gari kaza, daga rumbun wane, da izinin wane, ga hatimi. Matafiyin da ke kan aikin gwamnati yana da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta gari a yini. Ma'aikaciyar da ta haihu tana da ƙarin kaso na musamman, wadda ta haifi namiji kuma tana karɓar ninki biyu na wadda ta haifi mace, abin da ke nuna cewa tsarin nan ma da nasa son zuciyar. Shi kuwa Farnaka, shugaban ma'aikatar baki ɗaya, kasonsa na yini tumaki 2 ne, da gari kimanin lita 180, da ruwan inabi kimanin lita 90. Ba cikinsa kaɗai ba ne, da shi yake ciyar da mutanen da ke ƙarƙashinsa.

Ga yadda tafiya take. Daga Sardis, kusa da gaɓar yammacin Turkiyya ta yau, zuwa Susa, ɗaya daga cikin biranen fadar Farisa, hanyar sarki ta kai kimanin kilomita 2,500, da zango 111. Wato duk bayan kilomita ashirin da 'yan kai akwai masauki da rumbu. Mai tafiya a ƙasa kwana 90 yake yi. Saƙon sarki kuwa ba ya kwana a zango: ɗan aike ya iso, ya miƙa wa na gaba da ke jira da hutaccen doki, haka har ya isa cikin ƙasa da mako biyu. Amma ba kowa ake buɗe wa rumbu ba, sai mai takarda da hatimin sarki ko na gwamna. Ɗaya daga cikin irin waɗannan takardu ta tsira, a kan fata, da harshen Aramiya. Arshama, gwamnan Masar, ya rubuta wa jami'an zango-zango cewa a ba wakilinsa Nahtihor da yaransa guzuri kaza, dawakinsa harawa kaza. Sai ya ƙara da sharaɗi: in ya wuce kwana ɗaya a wuri guda, kada a ba shi guzurin sauran kwanakin. Duk wanda ya san yadda ake cinye kuɗin alawus na tafiya zai gane cewa Arshama ya san halin ma'aikata.

Kuɗin gudanar da wannan duka daga haraji yake fitowa. Dariyus, wanda ya yi mulki daga 522 zuwa 486, ya raba daular lardi 20, ya yanka wa kowanne abin da zai kawo a shekara. Babila talanti 1,000 na azurfa, wato kusan tan 30. Masar 700. Lardin Indiya talanti 360 na garin zinariya. Ya buga tsabar zinariya mai suna darik, nauyinta giram 8.4, da ta azurfa mai suna siglos, wadda 20 ke yin darik ɗaya. Darik ɗaya shi ne albashin sojan haya na wata, kuma da yawan masu karɓarsa Girkawa ne. Bai tilasta wa kowa harshen Farisa ba. Aramiya aka ɗauka harshen ofis tun daga Masar har iyakar Indiya, domin shi magatakarda suka riga suka iya, kuma da alƙalami da tawada ake rubuta shi a kan fata, ba sai an kwaɓa yumɓu ba.

Rubutun da Dariyus ya bari a harsashin fadarsa ta Susa ya ishi mai neman hujja. Katako daga Labanon, zinariya daga Sardis da Baktiriya, hauren giwa daga Kush da Indiya, maƙeran zinariya Madayawa da Misirawa, masu yin tubali Babilawa. Masassaƙan dutse kuwa mutanen Sardis ne da Girkawan Iyoniya, wato gaɓar yammacin Turkiyya ta yau. Likitan da ya yi wa Dariyus ɗorin ƙafa Bagirke ne, Dimokidis. Wanda Dariyus ya aika ya bi Kogin Indus har teku, Sikilas, daga gaɓar yammacin Turkiyya ta yau ya fito. Katangar da ake zana mana tsakanin Gabas da Yamma, mutanen zamanin ba su gan ta ba.

Tsarin yana da ɓaraka, kuma ita ta ci shi. Gwamna yana zaune wata uku daga fada, ga haraji a hannunsa, ga ikon tara runduna. Sarki ya yi ƙoƙarin ɗaure shi ta hanyar naɗa kwamandojin barikoki da kansa da aika masu sa ido, amma duk ranar da fada ta yi rauni sai gwamna ya ɗaga kai, kamar yadda na yammacin daular suka yi a shekarun 360. Babu kuma tsayayyar ƙa'idar gado, shi ya sa a 401 Sairus Ƙarami ya ɗebo Girkawa 'yan haya sama da 10,000 ya je ya yaƙi wansa da ke kan gadon sarauta. Masar ta ɓalle daga 404 har 343. Sai batun taskacewa. Hirodotus ya ce narkar da azurfar haraji ake yi a zuba a tuluna, in ta daskare a fasa tulun a ajiye curin. Dukiyar da aka tatso daga manoma ta kwanta a ɗaki. Da Iskandar, sarkin Makidoniya, ya shiga Farsafolis a 330, tsofaffin marubuta sun ce talanti 120,000 ya tarar. Da kuɗin Farisa aka ƙarasa cin Farisa.

Ba ina rage wa Girkawa komai ba. Baƙaƙen rubutu daga Finikiyawa suka aro, amma su suka ware haruffa na musamman don wasula, karatu ya sauƙaƙa. Buga tsabar kuɗi daga Lidiya suka koya, lissafin taurari daga Babila. Abin da yake nasu, wanda Farisa ba ta da shi, shi ne dabarar ɗaure mai mulki. Bayan gyaran da Kilistinis ya yi wa tsarin mulkin birnin Atina a 508, majalisar mutum 500 ta garin da ƙuri'ar sa'a ake cika ta, ba da yaƙin neman zaɓe ba, kuma shekara ɗaya ake yi. Duk mai riƙe da muƙami, in wa'adinsa ya cika, sai ya kawo lissafin kuɗin da ya ratsa hannunsa an bincika, kuma kowane ɗan gari yana iya shigar da ƙara a kansa. A kotu, masu yanke hukunci 201 ne ko 501 ko fiye, kuma sai da safiyar ranar ake fitar da su, don kada mai kuɗi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da dare. Lokacin magana da tukunya mai huji ake auna shi. An tono irinta a kasuwar Atina: tana cin lita shida da ɗoriya, tana tsiyayewa cikin minti shida. Ruwa ya ƙare, bakinka ya mutu, ko kai ɗan wane ne.

Sai dai a faɗi sauran. Mata ba su da ƙuri'a, baƙi mazauna ba su da ita, bayi balle. Jiragen yaƙin da suka ci Salamis, masu matuƙa 170 kowanne, da azurfar ramukan Lauriyon aka ƙera su, kuma bayi ne ke haƙar ta. Ƙawancen da Atina ta kafa a 478 don kare Girkawa daga Farisa ya rikiɗe ya zama karɓar haraji, musamman bayan an kwashe baitulmalinsa daga tsibirin Dilos zuwa Atina a 454. A 416 tsibirin Milos ya ƙi shiga, aka kashe mazansa, aka sayar da mata da yara. Kuma kotun nan mai tukunya ita ta yanke wa Sokiratis hukuncin kisa a 399.

Wani abin da ba a cika karantarwa ba: Farisa ba ta faɗi a Salamis ba, ta ƙara shekara 150. Da ta ga mashi bai yi ba, sai ta koma ga darik. Kuɗinta ne ya biya matuƙan jiragen Isparta, garin Girkawa da ke yaƙi da Atina, har Atina ta miƙa wuya a 404, kuma a 386 sarkin Farisa ne ya shata wa garuruwan Girka sharuɗɗan sulhu, ya karɓe na gaɓar Asiya.

Shi kansa Iskandar da ya ci daular bai rushe ofisoshinta ba. Ya bar lardunan yadda suke, ya naɗa Mazayus, Bafarishen da ya yaƙe shi a Gaugamila a 331, gwamnan Babila. Daga nan ne abubuwan biyu suka gauraya, kuma a gauraye suka iso gare mu. Ilimin mandiƙi da malamai ke karantarwa a zaure, asalinsa na Aristotal ne, ya shigo Larabci ta hannun masu fassara na Bagadaza a zamanin Abbasiyawa. Kalmar diwani, wadda ta fara da ma'anar rajistar gwamnati, daga Farisanci Larabawa suka ɗauke ta. Dirhamin da ake lissafa nisabin zakka da shi, 200 na azurfa, sunansa daga dirakma ta Girka ya fito, ya biyo ta hannun sarakunan Farisa da suka zo daga baya. Dirhamin farko da Musulmi suka buga ma da hoton Kisra ya fito a fuska ɗaya, da murhun wutar Majusawa a ɗayar, an ƙara bismillah a gefe, har zuwa lokacin da Abdulmalik ɗan Marwan ya sauya shi zuwa rubutu zalla a ƙarshen ƙarni na 7 Miladiyya.