A Kalifoniya Haƙurin Mai Bin Bashi Kwana 30 Ne

Wani ƙanenmu mai sa tayil a nan Sakaramento ya kira ni ranar Lahadi, murya a sanyaye. Ya yi wa wani ɗan kwangila aikin kicin da banɗakuna a sabon gida, an ba shi rabin kuɗi, saura kullum "yana nan tafe". Shi kuwa da tarbiyyar gida, ya ƙi matsawa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya nufi lauya. Lauyan ya dubi kalanda ya ce masa lokaci ya wuce.

A nan, duk wanda ya yi aiki ko ya kawo kaya a gini aka hana shi haƙƙinsa, doka ta ba shi damar ɗora bashin a kan gidan da aka yi wa aikin, wato ya ɗaure gidan, ko da ba mai gidan ne ya ɗauke shi aiki ba. Ofishin ajiye takardun filaye na gunduma ake zuwa. Wuri ne tsit, ga sanyin na'ura, ka bi layi, ma'aikaciya ta bayan gilashi ta karɓi takardarka ta buga mata kwanan wata har da minti. Daga ranar, sayar da gidan ko cin bashin banki da shi ya zama aiki, kotu ma na iya sa a yi gwanjonsa. Dokar tsohuwa ce: a Amurka jihar Maryland ce ta fara yin irinta a 1791, da goyon bayan Thomas Jefferson da James Madison, don magina su saki jiki su gina birnin Washington.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Cikin kwana 20 da fara aiki sai ƙaramin ɗan kwangila ya aika wa mai gida da babban ɗan kwangila da bankin da ya ba da rance takardar cewa yana iya ɗaure gidan. Tun ana gaisawa ana dariya fa! An gama gini, kwana 90 gare ka ka shigar da takardar ɗaure gidan. In mai gida ya shigar da sanarwar kammala aiki, sai su koma 30 ga ƙananan 'yan kwangila, 60 ga babba. Ka shigar kuma, in ba ka kai ƙara cikin wasu kwana 90 ba, takardar ta mutu. Talatin ɗin ce ta ci ƙanen namu. Wasiƙar sanarwar tana gaban motarsa, cikin takardun talla.

Na sani, a gida ma magina nawa guminsu ya bi ruwa. Shi ma mai gida yana da haƙƙin sanin ranar da zai huta. Kuma bashin bai faɗi ba: yarjejeniyar da ke rubuce tana da shekara 4, ƙaramar kotu na sauraron ƙarar da ba ta wuce dala 12,500 ba. Sai dai ɗan kwangilar ya ce ba shi da ko sisi, gidan ne kaɗai abin kamawa.

Duk da haka ni abin bai kwanta mini ba. Wace irin doka ce za ta hukunta mutum don ya yi kawaici? Mu da aka koya wa cewa yawan tuni ga wanda ake bi rashin kunya ne? A gida ko shekara ta zagayo, ka ɗauki dattijo ɗaya ku yi sallama bayan la'asar, mutum zai ji nauyi.

Nan wa za ka ɗauka? Ƙungiyarmu ta Hausawa ta iya haɗa kuɗin suna da na jana'iza, amma ba mu da mutum ɗaya da zai zaunar da sabon zuwa ya karanta masa waɗannan kwanaki kafin ya ɗauki cokalin gini. Dattawanmu suna kan titi suna tuƙin Uber har dare. A taron wata mai zuwa zan tayar da maganar, ko da za a ce Alhaji ya cika surutu.