Likita mai neman ƙwarewa: aiki ya yi yawa, mai koyarwa ya yi ƙaranci

Duk lokacin da aka ɗauko maganar wahalar likitoci masu neman ƙwarewa, sai hankali ya koma kan awoyi: awa nawa suke yi a mako, dare nawa ba su runtsa ba. Maganar tana da nauyi, amma ni a ganina ba nan gizo ke saƙar ba.

Tun asali a kan aiki aka gina wannan horo. A asibitin Johns Hopkins na Amurka da aka buɗe a 1889, manyan likitoci William Osler da William Halsted sun ajiye matasan likitoci a cikin asibitin, nan suke kwana nan suke tashi, suna koyo a bakin gadon mara lafiya. Kuma suna da gaskiya. Littafi kaɗai ba ya yin likitan fiɗa, sai hannu ya saba, ido ya ga cuta iri-iri.

Bayan rasuwar wata matashiya mai suna Libby Zion a wani asibiti a New York a 1984, a hannun ƙananan likitocin da aiki ya yi wa yawa kuma babu babba a kusa, aka fara gyara. A 2003 Amurka ta ƙayyade awa 80 a mako, Tarayyar Turai kuwa 48. Sai dai rage awa bai rage marasa lafiya ba. Aikin nan dai ake cusawa cikin ɗan lokaci, abin da ake fara yankewa kuma shi ne darasi.

Ku dubi yinin likita mai neman ƙwarewa. Da safe ana zagayen marasa lafiya, babban likita yana sauri don ana jiransa a ɗakin tiyata. Ya ce a canza magani, a yi hoton ƙirji, ya wuce bai faɗi dalili ba. Daga nan sai bin sakamakon gwajin jini, cike takardun sallama, neman gado, kiran wannan, jiran wancan. Da rana akwai darasi, zaman ƙaramin likitan ke nan waya ta yi ƙara, ya tattara littafinsa ya fita. Rabin wannan hidima wani ma'aikaci zai iya ɗauke masa ita, amma asibiti ya samu hannu mai araha, ya sa wa abin suna horo. Wannan ne ke ci mini rai.

Alhali ko kwanan aiki mafi tsanani yana zama ilimi idan da gari ya waye babba ya zauna da shi, ya bi shawarwarin da ya yanke cikin dare ɗaya bayan ɗaya: me ya sa ka ba da wannan, me ka yi zato, me ya kamata ka duba tukuna?

Don haka lokacin darasi a karɓi wayarsa, wani ya riƙe masa marasa lafiya. A ɗauki ma'aikatan da za su ji da takardu. Manyan likitoci kuma a ware musu awoyin koyarwa a cikin jadawalin aikinsu, a riƙa tambayar ɗalibansu ko sun gan su a wurin.