Kyamarar tsaro mai sola da ƙurar hunturu

Wai me ya sa masu sayar da kyamarar tsaro mai sola ba sa faɗa wa mutum gaskiya? "Alhaji, kafa kawai ka manta da ita." Ina fa mantawa! Hunturu na kankama a Kaduna cikin Disamba, batir zai fara zubewa, kafin Asuba kyamara ta mutu, daidai lokacin da ake buƙatarta.

Faifan solar nan ɗan mitsitsi ne, yawanci wat 3 zuwa 6 ne, bolt 5. Ƙura ta kwanta masa har ka ja yatsa ka ga layi, ga hazo ya dusashe rana, to da me zai yi caji? Sai ka ɗauko tsani da tsumma mai ɗanshi. Wani mai kafawar ma ƙarƙashin inuwar darbejiya zai liƙa shi, alhali a wannan lokacin kudu ya kamata ya fuskanta.

Bakin USB ɗin, inda igiyar faifan ke shiga kyamara, shi ne ya fi ƙona min rai. Zafi ya tsaga robar da ke rufe shi, ruwan Agusta ya shiga, tsatsa ta ci, a ido an jona amma babu abin da ke shiga. Kafin ka tsine wa faifan, sauke kyamarar ka sa mata cajar waya a ɗaki. In ta cika, laifin na faifai ne ko na igiyarsa.

Kuma in tana kallon titi, kowane mai Keke, kowace akuya, sai ta farka ta ɗauki bidiyo. Rage ƙarfin gano motsi a manhajar kyamarar da ke wayarka, ko akuyar maƙwabta ta cinye maka batir.