Digirin kula da namun daji: kafin a sayar da gona a turo yaro Ingila

A cikin kwasa-kwasan da jami'o'in nan Ingila ke tallatawa akwai wanda in ka faɗe shi a majalisar dattawa a Jega ko Kauran Namoda sai an kwashe da dariya: digiri na shekara uku a kan kula da dabbobin gidan zu. Wani zai ce, "Yanzu kwasar kashin kura ma sai da digiri?" E, Baba, har da ita, domin a kashin ake fara ganin tsutsar ciki da gudawa da abincin da bai narke ba. Duk da haka ra'ayina shi ne yaron Kebbi ko Zamfara da ke son wannan sana'a kada a sayar da gona don a turo shi nan. Ya yi karatunsa a gida, ya ari tsarin aikin Turawa ya ɗora a kan abin da ya tashi ya tarar.

Jami'o'i irin su Nottingham Trent da kwalejin Sparsholt da ke Hampshire suna ba da wannan digiri. Ana koyar da halittar jikin dabba, ɗabi'unta, lissafin abinci, tsara keji, kiwo don hayayyafa, da doka. Amma masu gidajen zu ba takarda suke fara dubawa ba. Suna tambayar wata nawa ka yi da tsintsiya da baro a hannu, galibi kyauta. Shaidar da ma'aikata suka fi ji da ita, wadda ake kira DMZAA, ta shekara biyu ce, Sparsholt ke gudanar da ita tare da ƙungiyar gidajen zu ta Birtaniya da Ayalan, kuma sai wanda ya riga ya shiga aikin ake ɗauka. Kuɗin makaranta ga baƙo fam dubu goma sha wani abu ne a shekara, ban da haya da ci. In an gama, albashin sabon ma'aikaci bai yi wa mafi ƙarancin albashin ƙasar nisa ba, alhali tun Afrilun 2024 aka ɗaga albashin da ake buƙata don bizar aiki zuwa fam 38,700 a shekara, daga baya ma aka ƙara. Wannan lissafi ko ɗan koyo a kasuwar Gusau zai gane ba ya fita.

To me ya kamata a ara? Na farko kwaɗo da ƙofa. Dokar gidajen zu ta Birtaniya ta 1981 ta sa ba mai buɗe gida sai da lasisi daga ƙaramar hukuma, ana zuwa duba shi, kuma dole a riƙa gwajin abin da za a yi in dabba ta kuɓuce, sau da yawa a shekara, wani ma'aikaci ya zama shi ne "zakin" ana bin sa. Kejin zaki ko damisa ko kura yana da ɗakin kwana da fili, tsakaninsu ƙofar ƙarfe mai zamewa da ake ja daga waje. Kafin mutum ya sa ƙafa a filin, sai ya ƙirga dabbobin da idonsa a cikin ɗaki, ya saukar da ƙofar, ya sa kwaɗo, ya ja kwaɗon da hannu ya ji ya kama, mabuɗin ya shiga aljihunsa shi kaɗai. Mashigar ma'aikata ƙofa biyu ce, ba a buɗe ta biyu sai ta farko ta rufe. A wurare da yawa mutum na biyu yana sake dubawa. Abin da ke kashe masu wannan aiki kusan kullum ɗaya ne: sabo. Mutum ya shekara goma yana ba zaki nama, ya raine shi tun yana jariri, sai ya fara jin kamar rago ne na turke. A 2024 kaɗai zakuna sun kashe masu kula da su a Ile-Ife da Abeokuta, kuma duka biyun ba sababbin shiga ba ne. Mu da muka tashi muna kallon masu wasa da kura a kasuwa muna da saurin yarda cewa asiri ko shaƙuwa na tsare mutum. Kurar gardi da takunkumi a bakinta take yawo, a tuna.

Sai abinci, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Babban zaki yana cin kimanin kilo 5 zuwa 7 na nama a rana in an raba, kuma gidaje da dama suna barin sa rana ɗaya ko biyu a mako da ƙashi kawai. Kuskuren da ake yi shi ne a je kwata a sayo zallar tsoka, ana ganin an yi masa gata. Tsoka cike take da sinadarin fosfaras, kalsiyam kuwa ɗan mitsitsi ne a cikinta, alhali jiki na son kalsiyam ya ɗan fi fosfaras yawa. In aka yi wata da watanni a haka, jiki sai ya riƙa zuƙe kalsiyam daga ƙashi. Ɗan zaki ya fara ɗingishi, ƙafafu su lanƙwashe, ya yi tsalle kaɗan ƙashi ya karye, jama'a su ce iska ce. Maganin ba tsada: a ba da akuya ko kaza ko yankin jaki da ƙashi da fata da kayan ciki, ko a barbaɗa garin kalsiyam kabonet kimanin gram 6 a kowane kilo na tsoka. Kuma a san asalin naman. Mushe da ba a san abin da ya kashe shi ba zai iya kawo ciwon saifa, dabbar da aka kashe da allurar barci kuwa namanta yana bugar da mai cin sa har ya mutu.

Kada da tsuntsaye masu cin kifi suna da tasu matsalar. Kifin da ya daɗe a firiza yana rasa bitamin B1 da E, wasu nau'in kifi ma suna ɗauke da abin da ke lalata B1 ɗin. Abin da aka saba shi ne a ƙara miligram 25 zuwa 30 na B1 da ma'auni 100 (wanda ake rubutawa IU a jikin kwalba) na bitamin E a kowane kilo na kifi. In ba a yi ba sai ka ga tsuntsu yana karkata wuya, yana faɗuwa. Birai kuwa, kowa ayaba yake miƙa musu. Gidan zu na Paignton a nan Ingila ya daina ba birai ayaba a 2014, saboda 'ya'yan itacen da ɗan Adam ya noma sun fi na daji sukari nesa ba kusa ba, suna kawo ƙiba da ruɓewar haƙori da ciwon suga. Ganye da kayan lambu suka koma ba su.

A nan ne nake ganin ɗan gida ya fi Bature sa'a, in da zai gane. Raƙumin dawa ganyen itace yake ci, ba ciyawa ba. A Ingila samun ganye a lokacin sanyi babban aiki ne: ana sarar rassa da rani, a daskarar ko a matse a ganguna a ajiye. Mu kuwa gawo yana fitar da ganye ne da rani, lokacin da komai ya bushe, ga bagaruwa ga farar ƙaya, ga harawar wake da ta gyaɗa da kowane mai kiwo ya san yadda ake ɗaure ta a kan rumfa. Raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma ma suna nan maƙwabta, wajen Kure a Jamhuriyar Nijar, a kan irin itatuwanmu suke rayuwa. Yaron da ya tashi da turken rago ya san abin da ke faruwa in dabba ta fasa buhun dawa ta ci ta ƙoshi: ciki ya kumbura, tumbi ya yi tsami, ta kwanta. Wannan ciwon ne ake yi wa lacca guda a kan barewa da gwanki da raƙumin dawa in an cika musu hatsi da dusa. Makiyayi da ke duban garke da safe ya ce waccan saniyar ba ta tuƙa, kunnenta ya sauka, shi ne aikin da ake horar da ɗalibi ya iya. Kuma naman daji ya fi saniya ɓoye ciwo, don wanda ya nuna rauni a dawa shi ake fara ci. Ranar da ka gan shi kwance, an makara.

Abin da ba mu da shi rubutu ne. Ilimin makiyayi a kansa yake, ranar da ya tafi ya tafi da shi. A nan Ingila kowace dabba tana da lamba da fayil: nauyinta, abin da aka ba ta, abin da ta rage, yanayin kashinta, magani da ranar da aka ba da shi, uwa da uba. Gidajen zu fiye da dubu a duniya suna zuba wannan a manhajar ZIMS. Gidan zu na Landan yana ƙirga dabbobinsa kaf kowace Janairu, yana auna su da damina. Ba sai da kwamfuta za a fara ba. Littafi mai bango mai ƙarfi, biro, da sikelin da ake auna buhun shinkafa a Argungu sun isa a gane jimina ta rame tun kafin ido ya gani. Jimina, tun da an ambace ta, ba abin da ba ta haɗiya: ƙusa, leda, murfin kwalba, guntun waya. Sharar filinta kowace safiya ita ce rabin maganinta.

Akwai kuma abubuwan da malamin Hampshire ba zai koya maka ba don bai san su ba. Bai san Afrilu a Birnin Kebbi ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rufin kwano ya mai da keji tanda, simintin ƙasa ya ƙona tafin dabba. Bai san firizar da ya kamata ta tsaya a 18 ƙasa da sifili ta kwana biyu ba wuta ba, nama ya narke ya sake daskarewa, a ba dabba ta kamu da gudawa. Barewa da gada in aka bi su da gudu da rana tsaka don a kama, tsokarsu takan lalace, su mutu nan take ko bayan kwanaki, saboda haka kamu sai da asuba, cikin gaggawa, a rufe musu ido. Sabuwar dabba a killace ta aƙalla kwana 30 da tsintsiyarta da bokitinta daban. Mai tari kada ya kusanci birai, don tarin fuka yana tafiya ta kowane ɓangare, kuma duk ma'aikaci ya yi rigakafin haukan kare da na sarƙe haƙora.

Hanyar gida a buɗe take. Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato tana da tsangayar likitancin dabbobi, karatun shekara shida. Akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero. Kwalejin Tarayya ta kula da namun daji tana New Bussa, gab da gandun dajin Kainji, tana ba da difloma ƙarama da babba, ga ɗan Yawuri ba wata tafiya ba ce. Jami'ar Ibadan tana da sashen namun daji da kuma gidan zu nata tun 1948. Lokacin aikin sanin makama, maimakon a nemi ofishi mai fanka a sa hannu a tafi, a nemi gidan zu na Audu Bako a Kano, ko na Jos, ko Sanda Kyarimi a Maiduguri, a ce a ba ka tsintsiya. In daga baya aka samu tallafin karatu don digiri na biyu ko gajeren horo irin na cibiyar Durrell da ke tsibirin Jersey, a zo, lokacin an san tambayar da za a yi.

Kuma kada yaro ya ɗaure zuciyarsa ga keji kaɗai, don guraben ba su da yawa. Dorina tana fitowa daga ruwa a Yawuri da dare ta ci kimanin kilo 40 na ciyawa, in gonar shinkafa ce a gabanta ita za ta ci, wani lokaci har da rai. Dajin Kuyambana a Zamfara sunansa gandun namun daji, yau kowa ya san su wa ke ciki. Ranar da aka samu lafiya, za a nemi wanda zai shiga ya ƙirga abin da ya rage, ya bambance sawun gwanki da na saniya, ya rubuta.